Dokta Habibu da Idon da Ya Rage

Ina cikin awon jarirai a ɗakin shan magani na Ruwan Bago sai ga waya daga Karaye, ƙanin Dokta Habibu ne. Ya ce, "Yaya Garba, sai haƙuri. Allah ya yi wa Dokta rasuwa a Turai, zuciya ce. A can za a binne shi." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na mayar da waya aljihu, na ɗora jariri na gaba a kan sikeli. Har yau da nake wannan rubutu ban yi kuka ba, ban kuma san dalili ba.

Dokta Habibu likitan ido ne, haifaffen Karaye, aiki ya kai shi Turai. Duk shekara yakan kwaso abokan aikinsa na can su zo su cire wa mutanenmu yanar ido kyauta. Ni ne ƙafarsa a ƙauyukan Rogo, ni ke tara tsofaffi, bakina ne ke cewa za su zo. Bara ya yi wa mahaifiyata idon dama. Ba a yin biyu lokaci guda, don haka ya ce na hagu sai bana, bayan an cire gyaɗa. Ga gyaɗa an fara cirewa.

Zuwansu na farko da damina ne, lokacin hutun baƙin. Suka baje kaya suka zauna, shiru ba kowa, domin masu yi wa makafi jagora duk suna gona. Ni mai saurin fushi ne, na ce mutanenmu ba su san alheri ba. Ya ce, "Garba, ba su yi laifi ba. Mu ne muka zo ba mu tambayi masu gida ba." Ya tafi ƙauyen Beli da kansa, ya durƙusa gaban liman da mai unguwa, ya tambaye su watan da ya fi dacewa. Tun daga nan aikin ya zama na gari. Liman ke sanarwa bayan Juma'a, mata su dafa wa baƙi, masu babur su ɗauko tsofaffi.

Dokta ba ya barin wani cikin baƙin likitocin ya taɓa idon kowa sai ya gaishe shi da Hausa, ko da a karkace ne. Yakan ce musu, "Mutum ne ya zo, ba ido ba." Tsofaffi su yi ta dariyar gaisuwar, tsoron wuƙa ya ragu.

Abu ɗaya na sha yi masa ƙorafi a kai: komai ta hannunsa yake bi. Ba ni da lambar ko mutum ɗaya cikin baƙin nan. Ya ce bana zai haɗa mu. A wurin ta'aziyya tsofaffin da ke jiran idonsu na biyu sun yi ta jan hannuna suna tambaya ko likitocin za su zo. Na ce Allah ne masani, gaskiyar ke nan.

Da na koma gida na gaya wa Inna, ina jiran ta tambayi idonta. Sai ta ce, "Wa ya yi masa wanka a can?"

"'Yan'uwa Musulmi, Inna."

"Ya samu jama'a?"

"Sun ce ya samu."

Na ce, "Maganar na hagun kuwa..." Ta ɗaga mini hannu, ta ce, "Ba yau ba, Garba." Ina tsaye a kanta, hawaye suka zubo mata ta idanun biyu, wanda ya gyara da wanda bai kai ga gyarawa ba.

Allah ya jiƙan Dokta Habibu, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba za mu iya kai masa ziyara ba. Allah ya ba mahaifiyarsa da matarsa haƙuri, ya raya 'ya'yansa. Tsofaffin da ke jira kuma, har da Inna, Allah ya dube su. Amin.