Ragin harajina da ramin hanyar Kebbe

Jiya babur ɗinmu ya kafe cikin laka a wani rami a hanyar Kebbe, ni da ɗan kabu-kabu muna ta turi. Na je gaishe da mahaifiyata ne, zan koma Tambuwal inda nake koyarwa a firamare.

Wani dattijo da ke cike ramin da burji ya ajiye shebur ɗinsa ya kama mana. Da muka fito, na laluba aljihu na miƙa masa ɗan abin goro.

Na ce, "Baba, karɓi. An rage muna haraji, albashin ya ɗan yi kauri."

Ko hannu bai miƙo ba.

Ya ce, "Riƙe abinka, malam. Ku masu albashi anka rage ma. Ni rabona ga gwamnati hanyar ga ce da asibiti. Matar ɗana watanta ya tsaya, in naƙuda ta tashi ta nan mota za ta bi. Shi ya sa nika cike ramin."

Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ragin nan ya ƙara mini kwanon gero a gida, kuma duk wanda ya ce a janye shi sai mun yi rigima. Amma mahaifiyata ma a bayan ramin nan take zaune, ga tsufa, ga hawan jini.

Ku 'yan'uwana ma'aikata, ku gaya mini: ranar da ciwonta ya tashi, kwanon gero nawa zai tsallakar da ita?