Karan Auduga a Cikin Rumbu

Ni dai karatuna bai yi nisa ba. Allo na taɓa, boko kuwa wata bakwai na yi a ajin manya ƙarƙashin dogon yaro, har malamin ya gaji da mu ya koma birnin Wad Madani. Amma akwai fanni guda da ban yarda wani ya fi ni ba a duk yankinmu na Jazira, shi ne tattalin gida. Mai 'ya'ya tara in bai ƙware a nan ba, sai dai a yi masa jaje.

Ni nake yi wa mazan aski da kaina ranar Alhamis, a jere, da aska ɗaya. Wanda ya yi kuka in ce masa wanzamin kasuwa ma haka yake yanka mutane, kuma har a biya shi. Rigar Sallah ta damuriya, farin yadin nan mai araha, nakan sa tela ya yanka ta da tsawon shekara uku. Shekarar farko yaro na tafiya yana tattare ta kamar mai tsallake ruwa, ta biyu ta zauna masa daidai, ta uku ta gangara kan ƙanensa. Sukarin shayi ni ke zubawa da hannuna. Uwar yaran takan ce in aka ba baƙo shayina sai ya tambaya laifin me ya yi mana.

Abin da ya gagare ni shi ne wuta. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka iya ganinka, babu dajin da mace za ta shiga ta yi itace. Gawayi daga kudu ake kawo shi a lori, kuma da zarar damina ta sauka hanya ta lalace, mai gawayi ya fara amsa sallamarka da hanci. Tuwon mutum goma sha ɗaya kuwa ba ya nuna da addu'a.

Ga shi kuma kowace shekara muna ƙone itace da hannunmu. Dokar noman auduga ce: in an gama tsinka, kowane manomi ya tumɓuke karan hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa, ya tara, ya cinna wuta kafin bazara ta ƙare. Hukuma ta ce tsutsa da cuta suna kwana a jikin kara su jira shukar baɗi. Wanda aka kama da kara a gida, akwai tara, in abin ya yi tsanani a karɓe hawasha a ba wani. Tawa kuwa sai da na yi shekaru ina ƙwadago a gonakin mutane kafin na same ta, kuma daga cikinta bakunan nan goma sha ɗaya ke ci.

Wata shekara na tsaya ina kallon tarin karana yana ci da wuta, busasshe ƙayau, sai ilimina ya motsa. Na ce a raina, tsutsar da ta shiga murhun uwar yarana, ina za ta fito ta ci audugar hukuma? Ai ƙonawa ƙonawa ce, ni dai jinkirta tawa zan yi kaɗan.

Maƙwabtanmu Larabawa rami suke haƙa wa dawarsu. Mu kuwa rumbu muke ginawa a kan duwatsu, yadda iyayenmu suka zo da shi daga yamma. Ina da tsoho guda a bayan gida wanda dawar cikinsa ta ƙare. Kwana shida ina kakkarya kara tsawon kamu ɗaya, ina ɗora wa jaki da tsakar rana lokacin da kowa ya gudu inuwa, in lulluɓe da karan dawa. Na cika rumbu har wuya. Na sa wa 'yar ƙofarsa kwaɗo, na rataya mabuɗi a wuya tare da layata. Sannan na tara iyali na yi huɗuba.

"Wannan rumbu ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka gawayi ya yi tsada. Wanda ya ambace shi a waje, ba ɗana ba ne."

Uwar yaran tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. "To Malam, kafin ruwan ya sauka da me za mu dafa?"

"Da haƙuri, da kashin shanu, kamar kowa."

"Awo," in ji ta. Iyakarta ke nan. Da ina da wayon da nake taƙama da shi, da wannan awo ta hana ni sakewa.

Sai abubuwa suka fara kyau a gidana. Uwar yaran ta fara suyar ƙosai da gyaɗa da safe bayan na fita gyaran magudanar ruwa, 'yan matan suna kaiwa bakin hanya inda lori ke tsayawa. Miya ta fara ganin nama jefi-jefi. Wata rana na dawo na tarar ƙananan uku da takalman roba sababbi, suna tafiya suna kallon ƙafafunsu har ɗaya ya yi karo da turmi. Duk na ɗauka albarkar tsarina ce. Har a majalisa nakan ce gida sai da shugaba mai lissafin gobe.

Nakan ji ƙaurin karan auduga wani lokaci in na dawo da wuri, don hayaƙinsa ba ya ɓuya. Sai in girgiza kai in ce mata, "Kin ji maƙwabta ko? Sun ɓoye, sun kasa haƙuri. Wata rana za su jawo mana."

Ta ce, "Allah dai shi shirye su, Malam."

Ran nan da hantsi, sati shida ko bakwai bayan na kulle rumbu, ina gyara wa jaki akumari a ƙofar gida, sai ga samad, mutuminmu da ke tsakanin manoma da hukuma, yana sauri har rawaninsa na kwancewa. Tare muka tashi da shi, a gabana aka yi masa kaciya, don haka ba ya yi mini kwana-kwana.

"Mufattish mai binciken kara na cikin gari, gida-gida yake bi. Bara cuta ta yi ɓarna, bana ba ya wasa. Kai, tsoho, ba ka da komai dai ko?"

Na ce, "Ni? Ka san ni."

"Don na san ka na zo da gudu."

Kafin in ba shi amsa motar mufattish ta tsaya a bakin lungu. Ban san lokacin da na zauna a kan akumarin ba. Rumbu cike da kara ba abin da za ka tura ƙarƙashin gado ba ne. Na hango hawashata a hannun wani, na hango kaina da furfura na koma tsinkar auduga a gonar mutane da 'ya'ya tara a bayana. Na leƙa cikin gida na ce da uwar yaran a hankali, "Ke, mun mutu."

Tana wanke kaskon suya. Ta ce, "Ka shimfiɗa wa baƙo tabarma, Malam."

Mufattish saurayi ne mai gajeren wando da doguwar safa, ɗan boko sosai, mai ladabi kuma, wanda ya fi ban tsoro. Ya duba madafa, ya leƙa turken awaki, ya ɗaga zana. Sai ya tsaya a gaban rumbu, ya taɓa kwaɗon da 'yar sandarsa.

"Ya Hajji, me ke ciki?"

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a ranar ban gyara masa ba. Na ce, "Kayan tsofaffi ne, ranka ya daɗe."

"Buɗe mu gani."

Na ciro mabuɗi, ya sarƙe da igiyar laya, na yi ta fama. Samad ya juya yana kallon sama kamar mai duban wata da rana tsaka. Yara tara sun jeru a jikin katanga, babba zuwa ƙarami, babu mai motsi. Na karanta duk abin da na haddace, wanda bai ɗauki lokaci ba, na buɗe.

Mufattish ya tura kansa ciki. Ya daɗe. Sai na ji kuka, kaza ta fito ta kan kafaɗarsa da fuka-fuki a buɗe. Ya ja da baya yana kaɗe riga. Na leƙa ni ma. Wayam. An share ƙasan rumbun tas, ko ɓawon kara babu, sai ƙwai bakwai a kan tsumma, da wata kafa a gindin bango ta baya, daidai shigar yarinya da rarrafe, rana na leƙowa ta ciki.

Ya dube ni, ya dubi kwaɗon, ya sake dubana. "Ya Hajji, kaza kake kulle wa da kwaɗo?"

Na gyara tsayuwa. Mutum ko a bakin rami yake bai kamata ya zubar da girmansa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'ya tara gare ni. In ban kulle ba, ƙwai ba ya kwana."

Ya dubi jerin yaran, ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce da samad wannan shi ne manomin da ya san abin da yake yi, da kowa haka yake da an huta. Ya sha ruwa, ya sa albarka, ya wuce gida na gaba. Samad ya tsaya a soro ya nuna ni da yatsa, sannan ya bi shi.

Da ƙurar motar ta kwanta na koma ciki da niyyar yin shari'a. Na tsaya a tsakar gida na ce, "Wa ya fasa mini rumbu?"

'Yan matan biyu manya suka ɓuya a bayan uwarsu. Ita kuwa ta ɗora tukunya a kan murhu.

"Ni na sa su. Kaɗan-kaɗan ta kafar baya, kullum da safe. Sati guda ke nan da ya ƙare, na sa aka share."

"Na ce sai damina!"

"Ka ce. To ga damina nan tafe, ga hawasharka a hannunka, ga buhun gawayi biyu a ɗakina da na saya da ribar ƙosai tun yana araha. In kana son karanka, je ka kira mufattish ka gaya masa an yi maka sata."

Na yi tunani mai zurfi irin na masu ilimi, na ga ƙarar ba za ta yi kyau a gaban hukuma ba. Na ce na yafe, amma kada a sake. Ta ce ta gode da adalci. Ƙaramar 'yar ta tambaya ko ni ɗin babansu ne har yanzu, tunda ba a waje suka faɗa ba. Na ce zan duba.

Bayan sati uku ruwa ya sauka, na shuka dawa, na bi da auduga a hawashata, wadda na ci gaba da nomawa har ƙarfina ya ƙare na miƙa wa babban ɗana.