Shekarar da Sunan Makarantarmu Ya Kai Daji

Ranar da takarda ta fito cewa an tura ni koyarwa a sakandaren gwamnati ta garinmu, mahaifiyata ba ta yi murna ba. Tana tsintar wake a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Duk karatun da ka yi a Zariya, can za ka ƙare?"

Ban ga laifinta ba. Ni ma a nan na yi karatu, na san halin wurin. Ajujuwa shida ne a bayan gari, daidai inda gonakin masara suka fara, daga can kuma sai daji. Mutane na ce mata makarantar jiran damina, don da ruwa ya sauka yara sun watse gona, malamai ma sun bi sahu. Mai hali yakan tura ɗansa Kaduna ko Zariya, ko aƙalla cikin Birnin Gwari. Mu namu 'ya'yan waɗanda ba su da zaɓi ne.

Shekara guda da zuwana aka kawo mana sabon shugaban makaranta, wani gajeren dattijo daga wajen Kazage, mai fama da ciwon suga. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya yi shi ne ya riga kowa zuwa, ya zauna a bakin ƙofa ƙarƙashin darbejiya yana amsa gaisuwa, kuma babu malamin da ke son ya zo ya gaishe shi rana ta take. Ya bi iyaye gida-gida suka daidaita cewa da damina za a shiga aji da sassafe a tashi kafin azahar, yaro ya samu ya je gona. Ba mu da malamin Turanci, sai ya ɗauka da kansa. Ni ina lissafi a dukkan ajujuwan sama.

A shekara ta uku sakamakon jarrabawar fita ya yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba. Wata yarinya 'yar mai faci ta samu shiga makarantar koyon jinya, har liman ya ambaci abin bayan sallar Juma'a. Daga nan sai aka fara kawo mana yara. Gaskiya ba ƙoƙarinmu kaɗai ba ne. Hanyar Kaduna ta riga ta zama abin da ta zama, iyaye sun gaji da riƙe numfashi duk lokacin da yaro zai koma makaranta. Wani babban dillalin hatsi ya dawo da 'ya'yansa uku wurinmu. Kansila ya kawo nasa. Mutanen ƙauyukan wajen Damari da Dogon Dawa suka riƙa ajiye yara a gidajen 'yan uwa a cikin gari don su zo wurinmu. Aji ya cika har wasu na zama a kan taga. Mahaifiyata ta koma turo mini maƙwabta in nema wa 'ya'yansu gurbi, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda na nuna.

Ana cikin haka aka sako wani manomi, uban ɗaya daga cikin ɗalibanmu, wanda 'yan bindiga suka ɗauke a gonarsa makonni da yawa kafin nan. Kwana biyu da dawowarsa ya zo makaranta yana dogara sanda, ƙafafunsa a kumbure. Ina ofishin shugaba muna gyara jadawalin darasi ya yi sallama. Muka yi masa barka da arziki, ya zauna a ƙasa duk da kujerar da aka miƙa masa. Ya dube ni, ya dubi shugaba.

"Faɗi, Malam," in ji shugaba. "Wannan ɗan gida ne."

"Sun tambaye ni makarantar nan," ya ce.

Sai ya ci gaba. Sun tambaye shi ko gaskiya ne 'ya'yan masu kuɗi sun dawo nan. Sun tambayi ko akwai katanga, da lokacin da ake tashi, da ko 'yan mata sun fi yawa.

"Me ka ce musu?" shugaba ya tambaya.

"Na ce makarantar banza ce, ba malamai, ba kowa sai 'ya'yan talakawa irina. Allah Ya yafe mini, Malam, babu irin zagin da ban yi mata ba. Sai ɗayansu ya yi dariya, ya ce su ba haka suka ji ba."

Na tuna biron da ke hannuna ya jiƙe da gumi. Na ajiye shi.

A ranar shugaba ya je wurin dagaci, washegari ya shiga Birnin Gwari ya kai maganar ofishin ilimi da wurin jami'an tsaro. Aka ce a sa ido, a ci gaba da addu'a. Aka ba mu 'yan sa-kai biyu, suka yi mako guda aka janye su zuwa wani ƙauye da ya fi mu shiga uku. Sai muka yi abin da za mu iya. Muka daina kaɗa ƙararrawa, muka soke taron safe, aka ce yara su zo da kayan gida. Kekuna aka riƙa shigar da su cikin ajin da ba kowa. Aka tsara cewa idan wani abu ya faru, kowane malami zai ja ajinsa a guje zuwa cikin gari, tafiyar da ba ta wuce minti goma ba.

Ban san tsoro na iya zama aikin yini ba sai a lokacin. Tagogin ajina daji suke kallo. Idan na juya zan yi rubutu a allo, sai in ji kamar an ɗora mini wani abu mai sanyi a ƙeya. Babur ɗaya ya wuce, aji ya yi tsit, yara sun bar kallon allo suna kallon fuskata, ni kuma ina ƙirga ƙarar a zuci, ɗaya ne ko sun fi. Wani lokaci in tsaya a tsakiyar lissafi in rasa inda na kwana. Na rame. Matata ta ce in nemi canjin wurin aiki, na rubuta takardar har sau biyu, na kasa miƙawa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tambayar da ta shiga gari: wa ya kai musu labari? Aka fara kallon kowa. Akwai wani Bafulatani da rugarsa ta fi shekara talatin a gefen garinmu, 'ya'yansa biyu na wurinmu, kuma shi kansa an kore masa shanu rabin garke. Wata safiya ya zo ya tsaya nesa da ƙofa, ya ce wa shugaba zai cire yaran.

"Ba don karatun ba ne, Malam. Karatu sun samu. Amma idan wani abu ya faru, ni za a fara nema."

Shugaba ya yi ta ba shi baki, bai ji ba. Ƙaramar tana cikin waɗanda suka fi kowa lissafi a ajinsu.

Aka kira taron iyaye. Dillalin hatsi bai zo ba, ya riga ya kwashe 'ya'yansa zuwa Zariya ba sallama. Aka yi ta hayaniya. Wani dattijo ya miƙe ya ce da makarantar take lalace babu wanda ya san da ita, yanzu an gyara an jawo wa gari ido. Na dubi shugaba, na ga maganar ta shige shi. Da ya tashi, cewa kawai ya yi, "'Ya'yanku ne. In kun ce a rufe, gobe zan sa kwaɗo. In kun ce a ci gaba, ni ne farkon zuwa, ni ne ƙarshen tafiya. Abin da zan iya alkawari ke nan." Iyayen 'yan ajin ƙarshe suka roƙa a lallaɓa har a yi jarrabawa. A haka aka tashi.

Abin ya zo ranar wata Talata da hantsi, masara ta yi tsawon da mutum zai shige ba a gan shi ba. Ina ajin ƙarshe. Na fara jin harbi daga gonakin gabas, tas-tas, kamar ana fasa busasshen kara. Kafin in buɗe baki sai ƙarar babura, masu yawa, kuma ba daga daji kaɗai ba. Suna kan hanyar da ta haɗa mu da gari, hanyar da muka tsara za mu bi. Baba maigadi ya leƙo, ba hula, ya ce, "Shugaba ya ce kowa ya kwanta. Kada wanda ya fito."

Zan faɗi gaskiya a nan. Ban yi komai ba. Na tsaya a gaban allo, alli na hannuna. Wata ɗaliba, doguwa mai shiru-shiru da ke zama a layin baya, ita ta rarrafa ta jawo tagogi ɗaya bayan ɗaya, ta dawo ta ja gefen rigata. "Malam, ka kwanta." Na kwanta.

Simintin ajin ya farfashe, ƙasa na shiga mini baki. Ina jin numfashin yara ta kowane gefe, wani na karanta addu'a yana maimaita layi ɗaya, ya kasa wucewa. Wata ta fara kuka aka toshe mata baki da gyale. Ta ƙarƙashin ƙofa nake hango baranda, ina ganin ƙafafun shugaba cikin takalmansa na roba. Bai shiga ko'ina ba. Yana tsaye a gaban ajujuwan, shi kaɗai. Babura suka rage gudu a daidai ƙofar makaranta, na ji muryoyi, na ji wani ya yi dariya. A raina na riga na fara tafiyar dajin. Ina tunanin wace yarinya ce ba za ta iya tafiyar ba, da abin da za a yi mata idan ta gaza. Na tuna 'yata da ba ta fara magana ba.

Sai ƙarar ta ƙaru, ta yi gabas, ta yi nisa.

Mun fi awa guda a kwance bayan nan. Da shugaba ya buɗe ƙofa ya ce mu tashi, muryarsa ba ta fita sosai. Ya zauna a bakin baranda, Baba maigadi ya jiƙa masa suga a kofi. Iyaye suka fara isowa a guje, mata ba mayafi, kowa na kiran sunan nasa.

Har yau ban san ko mu suka zo nema suka ga wurin kamar ba kowa, ko dama gonaki suka nufa ba. A gonakin suka kwashi mutane. Cikinsu har da iyayen yarinyar nan da ta rufe tagogi, uwa da uba, suna cire ciyawa a gonar waken suya. Tana tsaye a bakin ƙofa tana duba fuskokin masu zuwa, har wurin ya watse, sai kawunta ya zo ya kama hannunta. Uwar ta dawo bayan wata biyu. Uban bai dawo ba.

A makon aka aiko da umarnin rufe makarantar. 'Yan ajin ƙarshe da suka rage muka riƙa tara su a zauren gidanmu, mahaifiyata na shimfiɗa musu tabarmi tana ajiye randar ruwa. Yarinyar ta dawo cikin mako na uku, ta zauna a baya kamar yadda ta saba. Na miƙa mata littafin darasin da ta rasa. A cikin Birnin Gwari suka rubuta jarrabawa, muka raka su a motar haya a bayan motar jami'an tsaro. Sakamakon bai kai na shekarar da ta gabata ba. Wasu a gari suka ce dama ƙoƙarin na ɗan lokaci ne. Ita ta ci lissafi, ta faɗi Turanci, ta sake zama a shekara ta gaba ta haye.

Da abubuwa suka ɗan lafa aka sake buɗe makarantar, amma shugaba bai koma ba. Ciwon ya ci ƙarfinsa, ya yi ritaya. Ranar da zai bar gari na je taya shi ɗaure kaya. Ya ciro wasu takardu daga aljihun babbar rigarsa ya ba ni. Sunayen yaran da ba su dawo ba ne, da sunan uban kowa da unguwarsa, da rubutun hannunsa.

"Ka bi su a hankali," ya ce. "Kada ka yi wa kowa alkawarin abin da ba a hannunka yake ba."

Ina bi. Wasu gidajen na tarar da kwaɗo, mutanen sun koma Kaduna. Wasu yaran suna wurin haƙar zinariya. A makon jiya na je wani gida a bakin kasuwa, uban ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo fura, ya saurare ni har na gama. Ya ce ya san muna koyarwa tsakani da Allah, ba ya shakkar wannan. Ya juya ludayi a cikin ƙwarya, sannan ya ce, "Malam, bari dai mu ga bayan girbi."