Malam Sa-Hannu da Foldar da Ya Goge

A ofishinmu na zanen gine-gine akwai wani mutum da muke kira Malam Sa-Hannu, a bayan idonsa dai. Shekara ashirin da biyu ya yi yana shugabancin sashen zane, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya ja layi ɗaya. Da naɗe takardu ya fara, zamanin da ake zane da fensir da rula. Daga baya ya auri ƙanwar mai kamfani, sai kujera ta biyo baya. Abin da ya ƙware a kai shi ne sa hannu. Sai ya gyara zama, ya hura alƙalami, ya lanƙwasa wata wutsiya a ƙasan takarda, ya jingina yana huci kamar wanda ya sauke buhu.

Ni an ɗauke ni ne in saita sabuwar manhajar zane. Ranar farko mai kamfani ya ja min kunne.

"Ban da taɓa tsarin foldodinmu. Yadda kika same su, haka za ki koya wa manhajar ta bi su."

Da na buɗe babbar kwamfutar da kowa ke ajiya a ciki, sai da na yi salati. A ko'ina ana ba kowane aiki foldarsa. A nan kuwa kowane ma'aikaci ne da tasa, an jera su bisa girman kujera. Ta Malam Sa-Hannu ce a sama, har da lamba ɗaya a gaban sunansa don kada wata ta hau kanta. Shi ya ƙirƙiro tsarin, kuma yana alfahari da shi.

To, manhajar ba ta kwafe zane. Takardar ƙarshe da ake kai wa mai gini, adireshin inda aka ajiye zane kawai take riƙewa, in an buɗe ta sai ta je ta janyo bango da ginshiƙi da bene daga inda suke ajiye. Aikina shi ne in bi adireshin nan ɗaya bayan ɗaya. Na bi ɗari uku da wani abu daga foldar Malam, kuma kowanne a wuri guda ya sauke ni, can ƙasan jeri, a foldar wata mata da ke zama a lungu kusa da firinta. Yaya muke ce mata. Ba ta da surutu, kullum tabarau a hanci, hannu a kan linzamin kwamfuta.

A lokacin Yaya na neman lasisin zama cikakkiyar mai zanen gini. Abu ɗaya ya rage mata, takardar shaida daga shugaban sashe cewa ta yi aikin da hannunta, kuma mako biyu ya rage a rufe karɓa. Ina tsaye ta kai masa.

"Malam, a taimaka a sa min hannu."

"In shaida me? Ke da kike buga takardu? Ni ba na sa hannu a kan ƙarya."

Ji mutum! Wanda ko katangar banɗaki bai taɓa zanawa ba. Yaya ta naɗe takardarta ta koma lungu, ni kuwa raina ya ɓaci har na kasa cin abincin rana.

Washegari ya ga jerin adireshin a allona, sunanta na maimaituwa tun daga sama har ƙasa. Nan take ya sha toka.

"Wannan foldar tarkace ce. Goge ta."

"Malam, in aka goge ta, zanenka duk za su tashi babu komai."

"Ke 'yar jiya za ki koya min tsarin da na gina?"

Na ƙi. Sai ya shiga ofishinsa ya goge ta da kansa, tunda shi ke da izinin komai. Ina da kwafin ajiya na kowace rana, amma ban gaya masa ba. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ranar Laraba mai kamfani ya kawo masu ginin wata makaranta su ga zanensu a babban allo. Malam ya sha babbar riga, ya danna takardar farko. Takarda ta buɗe fara fat, sai layin gefe da akwatin sa hannunsa. Ya buɗe ta biyu, haka. Ta biyar, haka. Gumi ya fara tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa.

"Manhajar ce, ranka ya daɗe. Yarinyar nan ta lalata..."

Mai kamfani ya juyo gare ni. "Ina ginin ya tafi?"

"Bai tafi ko'ina ba, ranka ya daɗe. Abin da Malam ya zana ne ya rage a allon. Sauran yana foldar Yaya, wadda ya goge shekaranjiya."

"Za ki iya dawo da shi?"

"Cikin minti goma."

Malam ya yi wuf ya ce a zuba komai a tasa foldar. Na ce ai an hana ni taɓa tsari, kuma adireshin ba su san kowa ba sai ita. In ba sunanta a kan foldar, ko taga ɗaya ba za ta fito ba.

Na kuma faɗi yadda ya hana ta sa hannu. Mai kamfani ya aika a kira Yaya, ta zo da takardar shaidarta. Ya ajiye ta a gaban surukinsa, a gaban baƙi, ya miƙa masa alƙalami.

"Sa. Ai shi ka iya."