Ranar da Likita Ta Hana Ciyaman Shiga Fili

Shekarun baya, lokacin ina koyar da motsa jiki a wata firamare a garinmu, ni ne alƙalin duk wani wasan ƙwallo da za a buga daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa. To, haka dai nake faɗa wa mutane. Gaskiyar magana, ni kaɗai ke da usur mai ƙara da baƙin gajeren wando, shi ya sa ake nemana.

A lokacin akwai abin da ya addabi garin. Sai ka ga dattijo ya tafi gona da safe lafiya lau, da azahar a dawo da shi a amalanke, baki ya karkace, ɓarin jiki ya mutu. Wasu su ce iska ce, wasu su ce jifa ne. Mahaifina ma haka ta same shi, yana cikin alwala buta ta suɓuce masa. Muka kai shi babban asibitin garin, muka tarar da sabuwar likitar da aka turo ta shugabanci asibitin, wata Hajiya siririya mai magana a hankali. Da ta duba shi sai ta ja ni gefe ta ce ba iska ba ce, hawan jini ne, kuma ya daɗe yana ɓarna a jikinsa ba wanda ya sani. Ta ce da an auna shi da wuri an ɗora shi a kan magani, mai yiwuwa da ba a kai ga haka ba. Baba ya yi jinya ta 'yan watanni, Allah Ya karɓi abinSa. Maganar nan tata kuwa ta zauna mini a ƙirji, don ga mahaifiyata kullum da ɗankwali ɗaure tamau saboda ciwon kai, amma da an ambaci asibiti sai ta ce can aka kai mijinta bai dawo da ƙafarsa ba.

Ana nan, wata rana ina tare da yara a fili sai hedimasta ya aiko wai ana nemana a ofishin ciyaman na ƙaramar hukuma. Na sallami yara na kama hanya. Duk hanya ina lissafin ƙwallayen da na taɓa sokewa, ko akwai ta ɗan wani babba a ciki.

Da na shiga sai na ga likitar nan zaune, ga ciyaman a kujerarsa, ƙaton mutum mai tumbi da yawan dariya, wanda a cewarsa a zamaninsa babu ɗan gaba kamarsa a duk yankin. Shi ya yi mini bayani. Ya ce Likita ta hana shi sakat a kan na'urorin awon jini, ya saya an raba wa ƙananan asibitoci, ga su can a ajiye ba mai zuwa, domin mai jin kansa garau ba ya zuwa asibiti.

Ya ce, "Ita ta san abin da za a yi ma mutane, ni kau na san yadda ake tara su. Ƙwallo za mu buga, Malam. Ma'aikatan asibiti da 'yan siyasa. Kai za ka busa."

Ba kuɗin shiga. Tikitin kowa shi ne ya miƙa hannu a auna jininsa a bakin ƙofa, a ɗiga masa tawada a yatsa kamar ranar zaɓe. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ina tafi ba, sai da na ga Likita na kallona na koma na zauna.

A gabana suka yi ta ja-in-ja. Shi so yake a yi a makon nan, a cika gari da hotunansa da tutocin jam'iyya. Ita ta ce ba ta yarda ba sai magani ya isa kowane ƙaramin asibiti an kuma horar da ma'aikata, don zalunci ne ka ce wa mutum ba shi da lafiya sannan ka sallame shi hannu rabbana. Ta ƙara da cewa idan aka kafa tuta ɗaya rabin gari ba za su zo ba, saboda haka dole 'yan adawa su shiga ƙungiyar 'yan siyasa, riga iri ɗaya. Nan fuskar ciyaman ta canza. Ya cire hularsa yana juya ta a gwiwa. Can ya ce ya yarda, amma shi ma da sharaɗi: ta bar zaman ofis ta bi shi ƙafa da ƙafa wurin Hakimi da limamai da kasuwanni, don shi idan ya yi maganar lafiya cewa za a yi kamfe yake.

Haka kuwa aka yi. Na bi su sau da yawa, ni ne mai riƙe lasifika. Ranar kasuwar 'Yankara da ta Ruwan Godiya, shi zai hau bayan a-kori-kura ya yi ta barkwanci har mutane su bar ciniki su taru, sannan ya miƙa mata makirfo ta yi bayanin gishiri da dunƙulen miya da ciwon da ba ya sallama kafin ya shigo. Limamai suka saka zancen a huɗuba. Da yake mata ba za su zo filin ƙwallo ba, sai aka ware musu azuzuwan makarantarmu da ke jikin filin, ma'aikata mata su auna su a can.

Atisayen 'yan siyasa kuwa kallo ne na kansa. Kansiloli na gudu kaɗan su dafa gwiwa, ɗan jam'iyya mai mulki ya gwammace ya buga ƙwallo waje da ya ba ɗan adawa. Yara suka daina zuwa gidan kallo, suka koma kallonsu.

Ranar wasa tun kafin la'asar gari ya ɗinke. Babura daga ƙauyuka, masu rake da masu awara sun kafa, layi ya miƙe daga ƙofar fili har bakin titi. Matasa na fitowa suna ɗaga yatsa mai tawada suna ihu. Wanda aka ga jininsa ya hau, a zaunar da shi a rumfa ya huta a sake aunawa, a gaya masa ranar da zai je asibiti. Abu ɗaya ne ya rage mini daɗi. Dattawan da don su aka shirya abin sun ja tabarmi can gindin wata ƙatuwar tsamiya a waje, sun ce daga nan ma suna hangowa, ba yaron da zai ɗaure musu hannu. Mahaifiyata ma na yi roƙon duniya da safe, ta ce in je in busa usur ɗina in ƙyale ta.

Sai ga ciyaman ya iso cikin jesi, riga ta ɗame tumbi, makaɗa na biye da shi. Ya nufi ƙofa kai tsaye yana ɗaga wa jama'a hannu. Likita ta tare shi da murmushi ta nuna masa benci. Ya zauna yana raha, ya miƙa hannu. Ina tsaye kusa da su da ƙwallo a hammata, na ga ta kalli na'ura, murmushin ya ɗauke. Ta ce ya ɗan huta. Aka tsayar da kiɗa, aka jira, ta sake aunawa a ɗaya hannun. Sannan ta sunkuya ta yi masa magana ƙasa-ƙasa yadda ni da shi kawai muka ji.

"Ranka shi daɗe, ba za ka buga ba. Jininka ya hau ƙwarai. In ka yi gudu a ranar nan ban san abin da zai faru ba, kuma ba zan yi caca da ranka ba."

Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai ba ya yi. Ta ce ai abin da suka yi ta faɗa wa mutane a kasuwa ke nan. Ya ce gari guda ya taru don ya gan shi, ga 'yan adawa na kallo, gobe za a ce tsoro ya ji. Ta ce ta sani, amma ba ta canza ba. Sai kawai ya juyo gare ni.

"Malam, kai ne alƙali. Mi ka ce?"

Jama'a, ni fa malamin firamare ne, mutumin nan da kalma ɗaya zai iya sa a mayar da ni ƙauyen da ko babur ba ya zuwa. Amma fuskar mahaifina ce ta faɗo mini a rai. Na ce, "Ranka shi daɗe, cikin fili ni ke hukunci. To ba ka shigo fili ba tukuna. Nan bakin ƙofa hukuncin Likita ne."

Ya zuba mini ido har na fara tunanin wace jaka zan zuba kayana. Sai ya fashe da dariya, ya miƙe ya ce a ba shi makirfo. Likita ta ce masa ba dole ba ne ya faɗa wa kowa, sirrinsa ne, ana iya cewa ƙafa ce ta ɗan motsa. Ya girgiza kai ya hau kan benci.

Ya ce, "Jama'a, kun gan ni nan. Na ci tuwo na ƙoshi, ba inda ke mani ciwo. Yanzun nan Likita ta auna ni ta ce jinina ya hau, ba ni buga ƙwallo. Da ba a auna ba, wata ƙila yau a tsakiyar filin ga za ku ɗauke ni. Gobe da safe ina asibiti bisa layi. Baba, ku da ke gindin tsamiya, in ni abin bai ƙyale ba, ku mi kuka ba shi da zai ƙyale ku?"

Kowa ya juya yana kallon gindin tsamiya. Can sai na ga wani tsoho, tsohon sarkin noma na unguwarmu, ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya naɗe tabarmarsa ya nufo ƙofa yana dogara sanda. Na bayansa ya biyo, wani ma ya biyo. Kafin ka ce kwabo gindin tsamiya ba kowa. Matasa suka dare suka ba su gaba, fili ya ɗauki tafi da sowa kamar an ci ƙwallo. Ni kaina na busa usur ba dalili, sai da 'yan wasa suka ruga tsakiyar fili suna zaton an fara.

Wasan ya yi daɗi ba kaɗan ba. Ciyaman ya koma koci a bakin layi, yana ba da umarni Likita na jan rigarsa tana cewa ya rage ihu. Ma'aikatan asibiti suka yi ta zura musu ƙwallo har na fara jin tausayi. Dab da tashi wani kansila na jam'iyya mai mulki ya samu ƙwallo, ya duba ba kowa a gaba sai jagoran 'yan adawa. Ya yi jim kamar mai shawara da zuciyarsa, sannan ya tura masa. Mutumin ya rufe ido ya ɗaɗa ta, ta shige raga. Suka rungume juna suka faɗi ƙasa. Har yau ana cewa satar gida ce. Satar gida ce kuwa, na gani da idona, amma wa zai soke wannan ƙwallo?

Ina fitowa daga fili, gumi sharkaf, sai ƙanwata ta tare ni ta ce in zo makaranta. Na tarar da mahaifiyata zaune a ajin da nake koyarwa, mayafi ya zame daga kafaɗa, wata ma'aikaciya na kwance mata abin awo daga hannu. Ashe maganar ciyaman ta lasifika har tsakar gidanmu ta kai. Ta ce mutumin da ya tona asirin kansa a gaban maƙiyansa ba ƙarya yake ba, shi ne ta ɗauki mayafi. Jininta ya hau sosai. Ta kalle ni ta ce, "To, ka ji daɗi?" Na gyaɗa kai.

Washegari ni na kai ta asibiti. A kan layi muka tarar da ciyaman, ya ƙi yarda a shigar da shi gaba, suna zaune da dattawan jiya ana ta yi masa tsiya. Daga nan abin ya zauna. Kowace ranar kasuwa akwai rumfar awo, ƙaramar hukuma na kawo magani da man mota, asibiti na kawo ma'aikata. Su biyun ba su daina saɓani ba, na sha jin ana cewa yau ma an yi ta a ofis, amma ban taɓa jin rumfar ta fasa fita ba. Ba zan ce ciwon ya bar garinmu ba, har yanzu ana samu. Sai dai yanzu idan dattijo ya ce kansa na sarawa, abin da ake fara tambaya shi ne yaushe rabonsa da awo.

Daga baya wa'adin ciyaman ya ƙare, ita ma Likita aka yi mata canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi daga ɗaya jam'iyyar yake, ya canza abubuwa da dama, har fentin sakatariya, amma rumfar awo bai taɓa ta ba, don dattawan gari sun riga sun ɗauke ta tasu.

Idan na tuna, abin da ke burge ni shi ne kowannensu ya san inda ƙarfinsa ya ƙare. Ita da iliminta ba za ta iya tayar da tsofaffin nan daga tabarma ba. Shi da jama'arsa bai san abin da ke gudana a jijiyarsa ba. Kowa ya sakar wa ɗan uwansa abin da ya fi shi iyawa, kuma a bainar jama'a, inda sakin ya fi ciwo.

Mahaifiyata na nan da ranta, ta ga jikoki har da tattaɓa-kunne. Ita ce yanzu ke bi gida-gida ranar kasuwa tana tattaro ƙawayenta, tana faɗa da masu cika gishiri a miya. Jiya ma da na je gaishe ta, ban gama zama ba ta leƙa kwanon da matata ta aiko mata, ta ɗanɗana, ta ture shi gabana ta ce in koma da shi in ce ita ba ta shirya tafiya ba tukuna.