Tabulet ɗin da ya cinye waƙar kakana

Littattafan kakanmu suna Kebbe, a hannun baffana, ƙanin mahaifina. Akwai fiƙihu, akwai nahawu, akwai waƙoƙin wa'azi na ajami da kaka ya rubuta da hannunsa. Na daɗe ina roƙon Baffa ya bar ni in ɗauki hotonsu, yana ƙi. Sai da gara ta fara cin gefen wasu ya aiko in zo.

Saboda wannan aikin na sayi tabulet a wani shago kusa da tasha a Tambuwal. Fuskarsa faffaɗa ce, rubutu yana fita raɗau. Na tambayi mai shagon ko zai ɗauki hotuna masu yawa.

Ya ce, "Malam, ko littattafan garin ga duka ka zuba mai, ba shi cika. Batir kuwa kwana biyu shika yi."

Batirin ko azahar ba ya kaiwa. Kwana huɗu na yi a Kebbe ina kai shi caji, ina dawowa in durƙusa a zauren Baffa, ina buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun tsufa har sun yi ja. Wata waƙa mai shafi shida, ina juya ta tana marmashewa a yatsuna. Baffa ya riƙe mini hannu.

"Bari hakanan, kana kashe ta."

Na ce, "Baffa, kada ka damu, ta riga ta shiga ciki."

Da bakina na faɗi haka.

Da na koma gida na zauna in duba aikin. Hotunan ranar farko suna nan. Sauran kuwa sai toka-toka, wasu rabi, wasu ba sa buɗuwa sam, har da na waƙar nan mai shafi shida. Na kai wa wani mai gyara, ya duba ya ce ma'ajiyar ƙarya ce. Abin da aka rubuta a kwali daban, abin da ke ciki ɗan kaɗan. Idan ta cika ba ta faɗa, sai ta riƙa nuna maka ta ajiye alhali ba ta ajiye komai ba.

Na tafi shagon da na saye shi. Mai shagon ko tashi bai yi ba.

"Goge shi duka, shina komawa sabo," in ji shi.

Na ce, "In goge mi? Mi ya rage da zan goge?"

Ya ce shi ma haka aka kawo mishi, in ina so ya canza mini wani. Na kalli irinsa jere a bayansa cikin kwalaye masu ƙyalli. Na ɗaga murya har masu kabu-kabu suka leƙo, na gaya musu abin da yake sayarwa. Wani dattijo ya ja ni waje yana ba ni haƙuri.

Gaya wa Baffa ya fi komai wuya. Ya saurara har na gama, bai yi faɗa ba, ya ce in dawo da alƙalami da takarda. Yanzu duk Asabar nake hawa babur zuwa Kebbe ina kwafa da hannu. Daga waccan waƙar da ta marmashe, baiti tara kawai Baffa ya iya tunawa, kuma biyu daga ciki ba shi da tabbacin yadda suka ƙare.