Na Yi Hassadar Fuskarta, Na Ƙona Tawa

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ni budurwa ce a Batsari, 'yar mahauci, ina ɗinki a zauren gidanmu. Ba yabon kai ba, ni ce 'yar gayun dangi, in ana biki ni ake kallo a ga ɗaurin ɗankwalin da ake yayi. Abu ɗaya ke damuna, fatar fuskata. Goshina da hancina kullum cikin maiƙo suke kamar na shafa man gyaɗa, kumatuna kuwa a bushe, kuma ba su son wargi. Sabulu in ya yi ƙarfi kaɗan sai su ɗauki zafi da ƙaiƙayi.

Ina da 'yar'uwa, 'yar ƙanwar mahaifiyata, kaɗan na girme ta, a ƙauyen Zakka ta tashi. Bayan rasuwar mahaifinta zaman ƙauye ya gagare su, ita da mahaifiyarta da muke kira Inna suka dawo gidanmu. Ranar da suka iso, zafin ranar gona ya gama dafa ta, ƙafarta duk faso. Ni na ba ta atamfofin da na daina sawa, ni na koya mata kwalliya. Ina sonta ƙwarai, sai dai yanzu na gane son ya tsaya ne muddin tana ƙasa da ni.

Da ta samu aiki a wani kantin magani ta daina shiga rana, sai hutu ya karɓe ta. Fuskarta ta yi sumul, tana sheƙi ko ba ta shafa komai ba. Ban ɗauki abin da zafi ba sai ranar wani suna a Safana, inda gwaggona, ƙanwar babana, ta kama haɓarta a tsakiyar mata ta ce, "Masha Allah! Wannan ce 'yar Zakkar? Ai ta wuce 'yan garin." Aka sa dariya, wasu suna satar kallona. Ni ma na yi dariyar, amma na ture shinkafar da ke gabana gefe. Tun daga nan komai nata ya koma ba ni haushi, har muryarta in tana gaida babana da safe. Masu kawo mini ɗinki in suka tambaye ta abin da take shafawa, sai in ji kamar in tsaga yadin da ke hannuna.

Wata rana tana wurin aiki na shiga ɗakinsu, na ga 'yar kwalba a kan taga, irin man nan mai ruwa-ruwa da ake shafawa ya cire matacciyar fata. Girman kai ya hana ni tambayarta. Na ɗauki hotonsa a waya, ranar kasuwa na nuna wa wani mai kayan shafe-shafe. Ya ce babu irinsa sak, amma yana da wanda ya fi shi ƙarfi. Kalmar "ya fi shi" ita ta saye ni. Da 'yar'uwata ta gan shi a ɗakina ta juya kwalbar, ta ce wannan ya yi wa fatata ƙarfi, kumatuna ba za su ɗauka ba. Ta ce in dole sai na gwada, in fara ɗiga kaɗan a bayan kunne in ga yadda zai kwana, kar in wuce sau ɗaya a mako, kuma in guji rana. Na ce mata na gode, a zuciyata kuwa na ce ga baƙin ciki ya fito fili, ba ta son in kamo ta.

Bikin yayana ya matso, a Safana za a yi, a gaban matan nan da suka yi dariya. Sai na shiga shafawa safe da yamma, har ina haɗawa da dirzar sukari da lemon tsami. Raɗaɗin da nake ji na ɗauka aiki ne maganin ke yi. Da farko goshina ya yi kyau, na ƙara ƙaimi. Ana jibi biki na tashi kumatuna sun kumbura suna tsattsafar da ruwa, ko ruwan alwala ya taɓa su sai na yi hawaye. Haka na shiga mota, rana na dukan gefen fuskata har Safana. Kafin a ɗaura aure fatar ta yi baƙi ta fara saɓulewa.

Niƙabi na sa, amma a ɗakin mata dole na cire. Aka yi ta salati ana tambayar me na shafa. 'Yar'uwata na tsaye bakin ƙofa da farantin waina, fuskarta tas, kuma ita ce ta fi kowa nuna damuwa, wannan ya ƙara tunzura ni. Sai na ce a wurinta na samo. Ban ce ita ta ba ni ba, amma na san yadda za a ji maganar, kuma na yi shiru na bar ta a haka. Kafin la'asar zance ya gama gidan biki, wai 'yar da aka riƙe ta ba 'yar masu gida abin da zai ɓata mata fuska. Mahaifiyata ta gaya wa Inna maganganu masu zafi, har da gorin zama. Ita kuwa yarinyar ba ta kare kanta ba, kallona kawai ta yi. Bayan biki ba su biyo mu Batsari ba, suka zauna gidan kawunmu, daga baya aka aiko aka kwashe kayansu. Aikinta ma haka ta rasa shi.

A asibiti aka ce na ƙona fatar ne, in daina shafa komai sai ruwa da man da suka rubuta mini, in yi nesa da rana. Watanni na yi a ɗaki ban iya zaman zaure ba. A wannan zaman na gaya wa mahaifiyata gaskiya. Ta ce na raba ta da ƙanwarta a kan kwalba, in shirya mu tafi Safana. Na durƙusa gaban 'yar'uwata na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe, sannan ta ce, "Yaya, wallahi don ke na fara gyara fuskata, don kar in riƙa ba ki kunya in mun fita tare." Ban taɓa jin maganar da ta yanke ni kamar wannan ba.

'Yan'uwana mata, fata kowa da irin tasa, abin da ya karɓi wata zai iya ƙona ki. Ki tambayi masu sani, ki gwada kaɗan, in kin ji zafi ki tsaya. Abin da ya fi wannan, ki kula da zuciyarki ranar da aka yabi wata a gabanki, don hassada ke sa nasiha ta zama gaba a kunnen mutum. Ni fuskata ta warke, sai ɗan duhu a kumatu. Amma har yau in na gaida Inna, takan amsa mini ne da ladabi kamar yadda ake amsa wa baƙuwa, wannan kuwa ban samu maganinsa ba.